Man Burki: Darasin da Na Koya a Gangaren Falez

Waɗanda suka saba ganin rubutuna a wannan shafi sun san ba na wuce maganar makaranta da tarbiyyar yara. Wannan watan sai ku yi mini haƙuri, zan ajiye alli in ɗauki sifana. Akwai wani abu da ya same ni wanda na daɗe ina jin kunyar faɗinsa, amma na ga idan na ci gaba da yin shiru ban kyauta wa masu a-kori-kura na garin nan ba, kuma ban kyauta wa bayin Allah da ake lodawa a bayansu ba.

A shekarar 2017 na ɗauki adashi, na haɗa da ɗan abin da na samu na gadon mahaifinmu, na sayi tsohuwar a-kori-kura ta hannu. Kowa ya san albashin malamin firamare ba ya ganin ƙarshen wata. Dabarata ita ce ranakun Asabar da Lahadi da lokacin dogon hutu in riƙa ɗauko masara da dankali da itace daga ƙauyukan da ke kewaye da Ngaundere, abin da aka samu a ƙara a cefane. Alhamdu lillahi, motar ta rufa mini asiri. Ni kuma na riƙe ta yadda aka koya mana riƙon rajista a kwalejin horon malamai. Ina da wani ɗan littafi a aljihun gaban mota, ranar da aka yi juyen baƙin mai, ranar da aka sauya taya, ranar da aka sa batir, duk a rubuce suke. Kowace Asabar da safe sai in ɗaga boneti in duba ruwa, in duba baƙin mai, in leƙa ɗan farin tulun nan na roba da man burki ke ciki. Idan na ga man ya sauka ƙasa da layin sama, sai in jawo wata kwalba da nake ajiyewa a bayan kujera in ƙara. Har alfahari nake yi a cikin abokan aiki, ina cewa tulun burkina bai taɓa kwana da yunwa ba.

Abu guda ne babu a cikin littafin nan, har shekara biyar cur, shi ne ranar da aka zubar da tsohon man burki aka zuba sabo. Ban taɓa sanin ana yin haka ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

A cikin watan Agusta na 2022, tsakiyar damina, aka sa bikin 'yar yayar matata a Garwa. Da yake ni ne mai mota a dangi, ni aka ɗora wa kai kayan ɗaki. Aka loda gado da katifa da kabad mai madubi, da kwanuka da tukwane, da buhunan gara, har bayan motar ya zauna. Uwargida da yayarta, su ne 'yan jere, suka matsu a gaba tare da ni. Samari biyu, ɗana na fari da wani ɗan maƙwabta, suka hau bisa kaya suna riƙe da igiya. Muka bar gida bayan asuba, muka wuce Dang inda jami'a take, hira tana ta daɗi.

Ga wanda bai san hanyar ba, tsakanin Ngaundere da Garwa kusan kilomita 280 ne. Ngaundere tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga teku, Garwa kuwa tana can ƙasa a bakin Binuwai, ba ta kai mita 300 ba. Babban rabo na wannan sauka a wuri guda ake yin sa, a gangaren da muke kira Falez, kafin a isa Mbe. Doguwar gangara ce mai kwana-kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. A nan za ka ga manyan motoci suna rarrafe kamar kunkuru, kai kuma mai ƙaramar mota kana ganin kamar tsoro ne ya yi musu yawa.

Na shiga gangaren ina giya ta huɗu. Na san an ce a sauka da ƙaramar giya, amma ƙarar inji tana damun hira, kuma a zuciyata ina ganin ina tattalin mai. Saboda haka sai na ɗora ƙafa a kan burki na bar ta a can, ina dannawa kaɗan-kaɗan ba sakewa. Muka yi kwana ta farko, muka yi ta biyu, muka yi ta uku. Na fara jin wani ƙauri, na ce a raina na babbar motar da ke gabanmu ne. Da muka tunkari wata kwana mai kaifi na danna burki sosai, sai ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka auduga. Motar ko gezau, sai ma ƙara gudu da take yi.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan lokaci ba. Abin da na tuna shi ne madubi, na hango ɗana bisa kaya yana dariya da abokinsa, bai san abin da ake ciki ba. Na shiga taka burki da sauri, ina saki ina takawa, har na ji ya ɗan kama kaɗan. Na jefa giya ta uku, inji ya yi kururuwa, na jefa ta biyu. Na kama burkin hannu ina jan sa sannu-sannu, ban fizge shi gaba ɗaya ba don kada tayun baya su kulle motar ta juya da mu. Daga nan na karkata sitiyari wajen dutse, na sa tayun gefe cikin lambatu, jikin motar ya yi ta gurzar ƙasa har Allah ya tsayar da ita. Matan nan biyu salati kawai suke yi. Da na fito, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, sai da na zauna a kan kwalta.

Hayaƙi yana tashi daga tayun gaba. Abu na farko da na yi da na dawo cikin hankalina shi ne ɗaga boneti. Tulun man burki a cike yake fal, daidai layin sama. Na leƙa ƙarƙashin mota, ko ɗigo babu. Bayan kamar minti arba'in na sake taka burki, sai na ji shi da tauri kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Nan take Yaya ta ce, "Malam, wannan ba aikin mota ba ne, bakin mutane ne. Tun da aka sa ranar yarinyar nan ake ta magana." Ban ce mata komai ba, domin ni kaina ba ni da wani bayani da ya fi nata.

Wani direban babbar mota da ya tsaya ya taimaka mana muka fito da motar daga lambatu, shi ya ce mini kada in yarda da wannan tauri. Ya ce in sauke samarin su bi shi a motarsa, in ƙarasa gangaren da giya ta ɗaya, idan na isa Mbe in nemi makanike kafin in ƙara ko taki ɗaya. Haka na yi.

Makaniken da muka samu dattijo ne, garejinsa gindin wata bishiya. Ya saurari labarina bai katse ni ba. Sa'an nan ya ɗauko sirinji ya zuƙo man daga cikin tulu ya zuba a wani farin kofi. Baƙi ƙirin, kamar shayin da ya kwana a buta. Ya ce, "Malam, yaushe rabon da a canja man nan?"

Na ce, "Ai Baba kowace Asabar ina dubawa, da ya ragu nake ƙarawa."

Ya ce, "Ba ƙari na tambaye ka ba. Idan ruwan randar gidanka ya yi wari, sabo kake tuttulawa a kai, ko juye shi ake yi a wanke randar?"

Na yi shiru. Sai ya ɗebo ruwa a kofi biyu. A na farko ya ɗiga baƙin man inji, man ya taso sama ya yi ta yawo, ya ƙi haɗuwa da ruwan. A na biyu ya ɗiga man burki sabo, nan da nan ya narke ya ɓace a ciki. Ya ce, "Ka gani? Sunan mai kawai aka ba shi, amma mashayin ruwa ne. Daga iska ma yana shan sa. Shekara biyar yana shan damina a motarka. Yau ka gasa shi da lodi da gangara, ruwan ya tafasa, ka taka tururi. Da ya huce ya koma ruwa, burki ya dawo. Da ka ci gaba, da a kwana ta gaba zai sake yi maka."

Jama'a, a nan kunya ta kama ni. Ni ne nake tsayawa gaban 'yan aji shida kowace shekara ina koya musu cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 ya zama tururi. Ni ne a kwaleji aka koya wa ƙa'idar Blaise Pascal, masanin nan na Faransa na ƙarni na 17, cewa idan ka matsa ruwan da ke kulle a cikin mazubi, ƙarfin matsin yana isa ko'ina a cikinsa. Na ci jarrabawa a kan haka, amma ban taɓa haɗa shi da abin da ke ƙarƙashin ƙafata ba. To ashe burkin mota ke nan gaba ɗaya. Ka taka feda, ta tura man da ke cikin bututu, man ba ya matsuwa, sai ya kai ƙarfin ƙafarka ga tayoyi huɗu ya matse takalman burki. Tururi kuwa yana matsuwa kamar iska. Da zarar ya samu wuri a cikin bututu, duk ƙarfin da ka taka a wajen matse shi zai ƙare, babu abin da zai isa taya.

Da na dawo gida na zauna na karanci abin sosai, kuma ga abin da ya kamata kowane mai mota ya sani. A jikin kowace kwalbar man burki akwai haruffa DOT da lamba. Ma'auni ne na ma'aikatar sufuri ta Amurka da duniya ta saba amfani da shi. DOT 3 sabo dal bai kamata ya tafasa ba sai zafi ya kai aƙalla digiri 205. Amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin ya sauko zuwa digiri 140. DOT 4 sabo digiri 230 ne, wanda ya sha ruwa kuwa 155. Ku duba wannan tazara. Ɗan ruwan da bai kai cokali uku a cikin lita ba yana zabge digiri 65 ko 75 daga juriyar man. A cikin gari, daga gida zuwa kasuwa, burki ba ya yin zafin da zai tona wannan asiri, shi ya sa mutum zai shekara biyar yana ganin lafiya lau. Sai ranar da aka haɗu da lodi da doguwar gangara, ranar da aka fi bukatarsa.

Ruwan kuma ba sai an zuba shi ba. Yana shiga ta ɗan ramin numfashi na murfin tulu, yana ratsa bututun roba da ke kusa da tayoyi a hankali, yana shiga duk lokacin da aka buɗe murfi. Mu da muke kan tudun nan, inda damina ke ɗaukar kusan wata bakwai, ai mun fi kowa ba shi abin sha. Banda saukar da zafin tafasa, ruwan yana sa tsatsa a cikin silindoji, ta cinye su ta ciki, wata rana robobi su fara yoyo. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin masu ƙera motoci ke cewa a juye man burki duk shekara biyu, ko motar ta yi tafiya ko tana ajiye.

Ita kuwa kwalbar da nake alfahari da ita a bayan kujera, dattijon nan jefar da ita ya yi. Ta fi shekara biyu a buɗe, murfinta ya tsage na naɗe shi da leda. Wato duk Asabar ruwa nake ƙara wa burkina da hannuna. Na kuma tuna akwai lokacin da na sayi man na awo a bakin hanya, wanda aka ɗura a robar ruwan sha, don ya fi araha. Ban san ko wane iri ne ba, ban san tun yaushe aka buɗe galan ɗin ba. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wani laifin da ƙarin nan ya ɓoye mini. Da aka cire tayun gaba, takalman burkin sun cinye saura ƙiris ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ashe yayin da takalma ke cinyewa, man yana sauka kaɗan-kaɗan a cikin tulu don ya cike gurbin. Wannan saukar saƙo ce motar ke aiko maka. Ni kuwa duk lokacin da ta aiko sai in goge saƙon da ƙari, kamar malamin da ke cika wa yaro maki don kada a ga rajista da ja. Kuma takalmin da ya yi siriri ya fi saurin kai zafi ga man. Kun ga laifi ya taru kashi huɗu: tsohon mai, cinyayyun takalma, lodi fiye da kima, da babbar giya a gangara. Babu ko ɗaya a ciki da bakin mutane ya jawo.

A gaban idona dattijon ya yi aikin, kuma bai kai awa biyu ba har da sauya takalma. Ya zuƙe tsohon man daga tulu, ya cika shi da sabo daga kwalbar da ya fasa hatiminta a gabana. Ya zaunar da ni a kujerar direba, shi kuma ya shiga ƙarƙashi da sifana da ɗan siririn tiyo da kwalba. Ya fara da tayar baya wadda ta fi nisa da tulu. Sai ya ce, "Taka! Taka! Riƙe!" Ina riƙe da feda sai ya kwance ɗan notin da ke bayan taya, baƙin man ya fito da kumfa, feda ta nutse, ya ɗaure notin, sa'an nan ya ce, "Saki!" Ya gargaɗe ni kada in kuskura in saki kafin ya ɗaure, domin iska za ta koma ciki. Haka muka yi ta yi har man da ke fitowa ya zama garau kamar man gyaɗa sabon tatsa, sa'an nan muka koma taya ta gaba. Yaronsa yana tsaye a kan tulu yana ƙarawa, don idan aka bar shi ya ƙafe sai an sake aikin daga farko. Ya kuma nuna mini wani ɗan ƙarfe kusa da gatarin baya, wanda yawancin a-kori-kura ke da shi, mai daidaita ƙarfin burkin baya gwargwadon nauyin kaya. Ya ce shi ma yana da nasa notin a irin motata, kuma yara masu gaggawa sukan manta da shi. Lita ɗaya ta ishe mu duka. Kuɗin man bai kai abin da na kashe a man fetur na zuwa Garwa ba.

To 'yan'uwa masu mota, ga abin da na ɗauka daga wannan rana, ina roƙon ku riƙe. Na farko, ku duba murfin tulu ko littafin mota, an rubuta irin man da take sha, shi za ku saya, a kwalba mai hatimi, ƙarama wadda za ta ƙare. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, amma idan an rubuta DOT 4 kada a koma DOT 3. Shi kuwa DOT 5, wanda babu ɗigo ɗaya a bayansa, na silikon ne, jinsinsa daban, ba a gauraya shi da sauran. Na biyu, kada man inji ko man sitiyari ko koren man nan LHM na tsofaffin motocin Citroën ya kusanci tulun, domin yana kumbura robobin burki ya lalata su duka. Ruwan sabulu da wasu direbobin daji ke zubawa idan sun rasa mai, wannan wasa da rai ne. Na uku, idan man yana sauka a hankali a duba takalma, idan yana sauka da sauri akwai yoyo, kada motar ta fita sai an gano shi. Na huɗu, a goge murfi kafin a buɗe don kada ƙura ta faɗa, a rufe da wuri, kuma a kiyaye kada man ya zuba a jikin mota domin yana cin fenti. Na biyar, baƙin launi alama ce ta tsufa, amma man da ke da haske ma yana iya ɗauke da ruwa, saboda haka a dogara da kwanan wata, ko a sa makanike ya gwada da ɗan abin awon nan mai kama da biro. Na shida, a gangara a bar inji ya riƙe mota. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka.

Na san wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma ni shaida ne cewa Allah ne ya tsare mu, ba iya tuƙina ba. Amma mutum biyar ne a motar nan, huɗu daga cikinsu ba su san akwai wani abu wai shi man burki ba. Sun hau ne domin sun yarda da ni. Wanda ya ɗauki ran mutane a bayan motarsa amana ya ɗauka, kuma ban ga yadda zan tsaya gaban mahaifin yaron maƙwabtanmu in ce masa ƙaddara ce, alhali kuɗin lita ɗaya da awa biyu ne suka gagare ni shekara biyar.

Mun isa Garwa bayan la'asar, madubin kabad ya fashe, gefen mota ya goge. Yaya har gobe tana nan a kan bakanta cewa baki ne, na kuwa bar ta. Da aka koma makaranta a watan Satumba, na sayi sirinji biyu a kantin magani na kai aji. Na cika ɗaya da ruwa, ɗaya na bar shi da iska, na sa yara su toshe bakin da yatsa su danna. Mai ruwa ya ƙi motsi, mai iska ya nutse. Sa'an nan na ba su labarin Falez, ban ɓoye musu cewa malaminsu ne mai laifin ba. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan direbobi ne, wasu kuma su ne direbobin gobe. Washegari wani yaro ya zo ya ce babansa yana tambaya, shin shekara biyu na ce ko uku.

A ɗan littafina na mota yanzu akwai sabon shafi, an rubuta Agusta 2022, an rubuta Agusta 2024, kuma kowane juye da ranar na gaba a ƙarƙashinsa. Kai ma mai karatu, idan kana da mota, ko kana da ɗan'uwa mai ita, tambaye shi yau yaushe rabon da a juye man burki. Idan ya ce maka ai kullum yana ƙarawa, ka ba shi wannan shafi ya karanta.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.